Yadin auduga da baƙin man da ke bin kwatocin Katsina

A bakin kowane garejin kanikawa ko wurin wankin mota a cikin garin Katsina, ruwan da ke gangarawa kwata yana ɗauke da wani maiƙo mai sheƙi a samansa, wato baƙin mai da giris. Wani ɓangare na ruwan kwatocin gari yana ƙarewa ne a rafin Ginzo, inda manoman lambu na wajen Ƙofar Marusa ke ban ruwan latas da kabeji, alhali baƙin man inji yana ɗauke da dalma da wasu sinadarai masu haddasa ciwon daji. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man da ake juyewa daga mota ɗaya yana iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha.

Wannan ne ya sa nake bibiyar binciken da ake yi a kan yadin da ruwa ba ya jiƙa shi amma mai ke ratsa shi. Duk wanda ya taɓa zuba ruwa a kan ganyen gwaza ya ga tushen dabarar da idonsa, domin ruwan yakan dunƙule ya gangare ba tare da ya bar danshi ba. A shekarar 1997 wasu masana tsirrai biyu na Jami'ar Bon da ke Jamus, Wilhelm Barthlott da Christoph Neinhuis, suka bayyana cewa irin waɗannan ganyaye suna da ƙananan ƙuraje da ido ba ya gani, lulluɓe da kakin da ke korar ruwa. Masu bincike sai suka kwaikwayi hakan: a tsoma yadin auduga cikin garin silika (sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi) mai matuƙar laushi domin zarensa ya yi kaushi, sannan a shafe shi da silikon ko wani sinadarin kitse. Idan aikin ya yi kyau, kusurwar da ɗigon ruwa ke yi da fuskar yadin takan wuce digiri 150, wato ɗigon ya dunƙule kamar ƙwallo bai jiƙa yadin ba, yayin da mai ke bin zaren ya wuce ƙasa ba tare da famfo ko lantarki ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne audugar, domin Funtuwa da Malumfashi da Bakori sun daɗe da shahara a nomanta.

Sai dai a ganina akwai gyara kafin a kai yadin nan gareji. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka idan aka shimfiɗa yadin kamar rariya, ruwan ne zai kwanta a kansa ya tare wa man hanya. Gara a ɗinka shi kamar jaka a bar shi yana iyo a saman ramin tara ruwa, man ya riƙa shiga ciki. Babbar matsalar kuma ita ce omo. Masu wankin mota ba sa aiki sai da shi, shi kuma yana farfasa mai zuwa ƙananan ɗigo da ke cakuɗe da ruwa har ya koma fari-fari, yana kuma rage wa yadin ƙarfin korar ruwa. Ga laka da yashi da ke goge shafin a hankali. Haka nan wasu shafe-shafen ana yin su da sinadaran fulorin da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a jikin mutum, kuma bai dace a kawo su kusa da ruwan da ke zuwa lambu ba.

Don haka ina fata ɗaliban kimiyyar sinadarai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Kwalejin Hassan Usman Katsina su gwada yadin da ba shi da fulorin, su yi gwajin da ruwan da suka ɗebo daga kwatar wurin wankin mota, da omonsa da lakarsa, su kuma ƙidaya sau nawa za a matse shi a sake amfani da shi kafin ya fara shan ruwa. Da wannan adadin ne mai gareji zai yi lissafin ko kuɗinsa za su fita.