Yadda tsadar kaya ta cinye ɗakin maganin asibitinmu

Ni ne nake riƙe da littattafan kuɗi na wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Kano lokacin da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sannan a watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Hankalin kowa ya tafi kan kuɗin man janareta, kuma lallai mun ji jiki a kansa, amma babbar ɓarnar ta shigo mana ne ta ɗakin magani, wurin da lissafi yake nuna riba a ƙarshen kowane wata.

Tsarin da asibitin ya saba da shi shi ne a ɗora riba kaɗan a kan farashin da aka sayo magani. Dala kuwa ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024, saboda haka kafin kwalin magani ya ƙare, kuɗin da muka tara a kansa, uwa da riba, ba ya isa a sayo wani irinsa. Da kamfanin GSK ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina sayar da magungunansa kai tsaye a Najeriya, Augmentin mai kashe ƙwayoyin cuta da Ventolin na masu asma suka yi tashin gwauron zabo, dillalai kuma suka daina ba da kaya bashi. Har yau raina yana ɓaci idan na tuna cewa takarda tana cewa muna cin riba, alhali kantocin ɗakin suna ta zama fayau.

A kan wannan ribar ta takarda masu asibitin suka riƙa cirar kuɗin mai da albashi. Da aka mayar da kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun lantarki mafi yawan sa'o'i a rana, naira 225 daga 68 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, babu sauran inda za a taɓa. Aka sallami masu shara da masinja, mutanen da albashinsu bai taka kara ya karya ba. Ƙwararrun ma'aikatan jinya kuwa da kansu suka tafi, wasu Saudiyya, wasu Ingila, kuma ban ga laifinsu ba, domin kuɗin mota kaɗai yana cinye kaso mai yawa na abin da muke biyan su. Aikin dare ya koma kan mutum ɗaya.

Marasa lafiya ne suka biya kuɗin wannan lissafi. Muka koma rubuta musu takarda su sayo a waje, kuma wanda ya fita da takarda ba lallai ne ya sayo ba. Masu hawan jini suka riƙa raba ƙwaya biyu ko su tsallake kwanaki, masu ciwon suga suna rage allurar insulin, sai a dawo mana da su ranga-ranga, wani da shanyewar ɓarin jiki, lokacin da jinyar ta ninka abin da aka guje wa tun farko.

Abin da ya tsayar da mu da ƙafafunmu bai da wahala. Mun buɗe wa magani asusunsa daban wanda ko mai asibitin ba ya taɓawa, muka koma sa farashi bisa abin da za a sayo kayan yau, muna duba shi kowane mako, muna ƙirga jari da yawan kwalaye maimakon naira. Likitoci suka amince da magungunan da ake haɗawa a cikin ƙasa masu rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, aka kuma sa wa firjin insulin sola. Duk mai riƙe da kuɗin asibiti ya shiga ɗakin magani da kansa ya ƙirga kaya kafin ya sa hannu a kan rahoton wata. Jarin da muka rasa kafin a gane hakan bai dawo ba har yanzu.