Ɗaukar Fim a Gaɓar Busua

Na tashi a zangon Takoradi da ke ƙasar Ghana, kuma duk da cewa teku na kusa da mu, iyayenmu sun hana mu kusantarsa. Sai da na girma na fara sana'ar ɗaukar bidiyo sannan na je Busua, ƙauyen masunta da ke yamma da garinmu, domin in haɗa ɗan gajeren fim da kuɗin aljihuna kan masu hawan igiyar ruwa.

Baƙi daga Turai suna zuwa can da alluna masu tsada, amma waɗanda suka ja hankalina yaran masunta ne. Wani yakan kwanta rub da ciki a kan guntun katakon tsohon kwale-kwale, wani kuma ba ya riƙe da komai, yana miƙa hannu ɗaya gaba, igiyar ta ɗauke shi har bakin yashi. Su kansu masunta, idan suna dawowa da kifi, sukan tsayar da jirgi a bayan inda ruwa ke karyewa, su ƙidaya igiyoyi, sannan su bi bayan wadda suka zaɓa. Wannan dabara ta daɗe a gaɓarmu, domin tun a 1834 wani Bature mai suna James Alexander ya rubuta cewa ya ga yara a Akara suna hawan igiya da alluna marasa nauyi a ƙarƙashin cikinsu. Saboda haka na yanke shawarar cewa yaran masunta ne jigon fim ɗin.

Aikin ya koya mini cewa wanda ya tsaya a tudu ba zai kama wannan wasa ba, tunda mai kwance a kan katako yakan ɓace cikin kumfa. Dole na sa kyamara a akwatin da ruwa ba ya shiga, na nutsa har ƙirji, ina shafa yawu a gilashin don kada ɗigon ruwa ya maƙale. Safiya ta fi dacewa, kafin iska ta hargitsa saman ruwa, kuma kullum sai na ɗauraye kayan aiki da ruwan daɗi saboda gishiri yana cin ƙarfe.

Kafin in ɗauki ko yaro ɗaya na nemi izinin iyayensu da na shugaban masunta. Hira kuwa na bari sai ranar Talata, wadda bisa al'ada ba a fita kamun kifi, dattawa suna zaune a inuwa suna gyaran raga kuma suna da lokacin magana.