Dutsen tunawa da sojoji a garuruwan Ingila: gininsa, dokarsa, da abin da ke cinye shi

Da wuya mutum ya ratsa gari ko ƙauye a Ingila bai ga dutsen tunawa da mazajen da suka faɗi a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, ko a dandalin gari, ko a harabar coci, ko a mararraba. Gwamnatin Birtaniya ce ta hana a dawo da gawawwakin sojoji gida, aka binne su a Faransa da Beljiyam da sauran wuraren da aka gwabza. Iyalai suka rasa kabarin da za su ziyarta. Sai garuruwa suka kafa kwamitoci, aka yi karo-karo, aka gina yawancin duwatsun a 'yan shekarun da suka biyo bayan 1918. Bayan 1945 aka ƙara sunayen waɗanda suka rasu a yaƙi na biyu.

Fasalin ginin kusan ɗaya ne. Daga ƙasa akwai matakala biyu ko uku, sai dakali mai fuska huɗu ko takwas wanda ke ɗauke da sunaye, sai abin da aka ɗora a kai: gicciye, ko siririn ginshiƙi mai tsini, ko mutum-mutumin soja. Garuruwa da dama sun kwaikwayi Cenotaph, babban dutsen tunawa na ƙasa da ke titin Whitehall a Landan, wanda mai zanen gine-gine Edwin Lutyens ya zana, aka gina da farin dutsen Portland, aka buɗe ranar 11 ga Nuwamba, 1920. Wasu kuma suka ɗauki fasalin gicciyen da wani mai zanen gine-gine, Reginald Blomfield, ya zana, mai takobin tagulla manne a jikinsa.

Ta fuskar doka, kariyar na zuwa ne idan an saka dutsen cikin rajistar gine-ginen tarihi, bisa shawarar hukumar Historic England. Matakai uku ne: I, II* da II, kuma yawancin na garuruwa suna mataki na II. Da zarar ya shiga, wata doka ta 1990 ta haramta a rushe shi, ko a ɗauke shi, ko a sauya masa kama ba tare da rubutaccen izini daga ƙaramar hukuma ba, kuma wanda ya saɓa zai iya gurfana a kotu. Amma rajista ba ta kawo kuɗin gyara. Sau da yawa ma ba a san mai dutsen ba, domin kwamitin da ya gina shi ya watse tuni. Wata doka ta 1923 ta ba ƙananan hukumomi ikon kashe kuɗi wajen kula da shi, sai dai iko ne, ba tilas ba. Ƙungiyar War Memorials Trust ce ke cike wani ɓangare na wannan giɓin da shawara da tallafi.

Abin da ya fi damuna shi ne, ɓarnar da ta fi muni yawanci ba daga tsufa take ba, daga hannun masu kyakkyawar niyya take. Siminti ne kan gaba. Da yawa daga cikin masu ginin farko sun haɗa duwatsun da kwaɓin farar ƙasa, wanda ya fi dutsen taushi, kuma danshi yana fita ta cikinsa. Idan aka cike gaɓoɓin da siminti, ruwa ya rasa mafita, sai ya taru a gefen dutsen. Sanyi na zuwa ya daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, gefen ya ɓare. Gyaran da ya dace shi ne a yashe tsohon kwaɓin da kayan hannu, ba da injin yanka ba, zuwa zurfin da ya ninka faɗin gaɓar sau biyu. A share ƙura, a jiƙa wurin, a cusa kwaɓin farar ƙasa ɗaya da yashi uku, a danna shi sosai. Sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhu na kwanaki don kada ya bushe da sauri ya tsage. Ba a yin wannan aiki idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 5 na Salsiyos.

Akwai kuma ɓoyayyen ƙarfe. Magina sun riƙa ɗaure duwatsu da sanduna da maɗauran ƙarfe daga ciki. Idan ruwa ya isa gare su suna yin tsatsa, tsatsar ta ninka kaurin ƙarfen sau da yawa, ta fasa dutsen daga ciki. Alamarsa jan tabo ne da ke zubowa daga gaɓa, ko tsagar da ta taso daga kusurwa, ko ginshiƙi ya fara karkata. Shafe tsagar ɓata lokaci ne. Dole a sauke dutsen, a cire ƙarfen, a maye gurbinsa da wanda ba ya tsatsa.

Wajen wanki ma a yi hattara, musamman da Nuwamba, watan tunawa da sojojin, ta gabato kowa yana son dutsen ya yi fes. Injin feshin ruwa mai ƙarfi da burushin waya da bilic duk suna cinye fatar dutse, kuma sinadarin da ke da tsami yana narkar da dutsen farar ƙasa da marmara kai tsaye. Ruwa mai tsabta da burushi mai taushi sun isa, a fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan datti ya ƙi fita, ƙwararru na amfani da tururi mai zafi marar ƙarfin feshi. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara kada ya kusanci matakala, domin yana shiga dutse ya rududduge shi. Furannin da aka ɗaure da waya kuwa a kwashe su kafin su bar tabon tsatsa.

Sunayen su ne dalilin ginin gaba ɗaya, don haka su ya kamata a fi lallaɓawa. Wasu an sassaƙa su cikin dutse, wasu an cike su da dalma, wasu suna kan allon tagulla. Sake sassaƙa harafin da ya dushe yana rage dutsen, kuma yana shafe aikin hannun mai sassaƙar farko. Kafin a kai ga haka, a ɗauki hoton kowace fuska da fitilar da aka haska daga gefe, domin inuwa na fito da haruffan da ido ba ya gani da rana, a kwafe sunayen a ajiye a rajistar da gidajen tarihin yaƙi na Imperial War Museums ke riƙe da ita. Allon tagulla ba a goge shi har ya yi ƙyalli, saboda duhun da ke kansa da gangan aka yi shi. A wanke shi da sabulu marar ƙarfi, a bari ya bushe, a shafa masa kaki siriri sau ɗaya a shekara. Kuma tunda ɓarayin ƙarfe suna ɓalle irin waɗannan alluna, a duba ƙusoshinsa a kai a kai, a sa masa ɓoyayyar alamar da 'yan sanda za su iya gane shi da ita idan an kai shi wurin masu sayen ƙarafa.