Alkawarin da ake sa wa hannu kafin a ga kuɗin makaranta

Jami'o'in Amurka da yawa suna da hanyar neman gurbi da wuri da ake kira Early Decision. Sharaɗinta mai nauyi ne: in an ɗauke ka, ka shiga ke nan, kuma dole ka janye takardun da ka aika wa sauran jami'o'i. Ɗalibi da mahaifi ko mahaifiya da malamin ba da shawara na makarantarsa duk sai sun sa hannu, kuma jami'a ɗaya tak ake ɗaura wa wannan alkawari a lokaci guda.

Zagaye biyu ne. Na farko ana rufe shi 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta fito tsakiyar Disamba. Na biyu ana rufewa farkon Janairu, amsa a Fabrairu. Vanderbilt da Emory da Tufts da Jami'ar Shikago suna da na biyun, amma Columbia da Brown da Duke ba su da shi. Harvard da Yale da Princeton da Stanford kuwa hanyarsu ta neman gurbi da wuri ba ta ɗaure mutum.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne kallon kason waɗanda ake ɗauka a zagayen farko. Ya fi na zagayen gama-gari, wanda babu alkawari a cikinsa, yawa, gaskiya ne, sai dai a cikinsa akwai 'yan wasan da kociyoyi suka riga suka zaɓa, a wasu jami'o'in har da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Wanda ba ya cikin waɗannan kada ya ɗauka wannan kason nasa ne.

Maganar kuɗi ce ya kamata a fara zaunawa a kai. Wanda ya ɗaure kansa ba zai sami damar jera tayin tallafi na jami'o'i uku ko huɗu ya kwatanta ba, kamar mai jiran amsar zagayen gama-gari a ƙarshen Maris, wanda ke da lokacin zaɓa har 1 ga Mayu. Kowace jami'a tana da ma'aunin ƙiyasin kuɗi a shafinta na intanet. A cika shi da ainihin kuɗin shigar gida kafin sa hannu, a kuma tura CSS Profile, wato fom ɗin neman tallafin kuɗi, kan lokaci inda ake buƙata. Ɗalibin ƙasar waje ya yi hattara, ma'aunin an gina shi ne a kan iyalan Amurka, gara ya rubuta wa ofishin tallafi ya tambaya. Ana iya warware alkawari in tallafin bai isa ba, amma a zagaye na biyu lokacin tura sabbin takardu a yawancin manyan jami'o'i ya riga ya wuce, don haka a aika su tun Janairu.

Wanda makinsa ke hawa a shekarar ƙarshe, na biyun ya fi masa, domin sakamakon zangon farko zai shiga fayil ɗinsa. In an ɗage ka daga zagayen farko zuwa na gama-gari, alkawarin ya warware, kana iya ɗaura na biyu da wata jami'a. In ƙin ka aka yi kai tsaye, waccan jami'ar ta rufe maka sai baɗi.