Me ya sa fensir ke canza hali bayan an sabunta manhajar zane

Layin da fensirin kwamfuta ke ja ɗigo-ɗigo ne da manhaja ke bugawa dab da juna yayin da alƙalami ke tafiya a kan allon zane. Girman ɗigon, duhunsa, tazararsa da ɗan'uwansa, da kaushin takardar da aka ɗora masa, duk lissafi ne. Masu manhaja kuwa sukan taɓa wannan lissafin daga siga zuwa siga, shi ya sa fensirin da ka saba da shi zai iya wayar gari ya yi fari fat, ko ya yi santsi, alhali sunansa bai canza ba.

Kafin ka sabunta komai, ka yi takardar gwaji. Buɗe shafin A4 a kan ɗigo 300 a kowane inci, wato fiksel 2480 a 3508. Saita bakin fensir a fiksel 8. Ja layi ɗaya daga sassauƙan dannawa zuwa mai ƙarfi, ka yi gajerun layuka na inuwa cikin sauri, ka zana da'ira, sannan ka kwantar da alƙalamin ka shafa inuwa mai faɗi. Ajiye shi a PNG, ka ɗauki hoton saitin fensirin. Bayan sabuntawa sai ka maimaita a gefensa. Ido kan manta da yadda layi yake jiya, takardar ce za ta nuna maka abin da ya motsa.

Idan layi ya fito da kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, kada ka taɓa fensirin tukuna, matsin hannu ne bai isa manhajar ba. A Windows hanya biyu ce tsakanin allo da manhaja: WinTab da Windows Ink. Manhajar zane ta Krita tana da wurin zaɓar ɗaya a saitin allon zane, kuma sai an rufe ta an sake buɗewa zaɓin ke kamawa. Idan manhaja na sauraron Windows Ink amma an kashe shi a direban allon, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, matsi ya tafi ke nan. Yawan matakan matsi da ake tallatawa, 2048 ko 8192, ba shi ne matsalar ba a nan.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne fensir ya yi haske. A Krita 4.2, wadda ta fito a 2019, an canza alaƙar saiti biyu, Opacity da Flow. Na farko shi ne iyakar duhun da layi zai kai, na biyu kuma yawan baƙin da kowane ɗigo ke zubarwa. A da ana tara su ne, daga 4.2 aka koma ninka su. Idan dukkansu na bin matsin hannu, ka danna rabi, to rabin rabi za ka samu, kashi 25 cikin 100. Tsohon fensir da aka ƙera a 4.1 sai ya zama kamar HB mai haske a inda ake sa ran 4B mai duhu. Maganin shi ne ka bar matsi a kan ɗaya kawai. A ganina Flow ya fi dacewa da fensir, domin duhu na taruwa a hankali idan ka bi ta kan layi sau biyu ko uku, yadda fensirin katako ke yi a takarda. In kana son su biyun, sai ka ɗaga lanƙwasar matsin, wato layin saitin da ke nuna duhun da kowane dannawa zai bayar, yadda ƙaramin dannawa zai ba da duhu da wuri.

A Photoshop kuma, sigar CC 2018 ce ta kawo Smoothing, mai gyara karkarwar hannu. Yana da amfani wurin jan layin tawada, amma ga zanen fensir na farko ɓarna yake yi: layi na biyo alƙalami a baya, ƙananan kusurwoyi su zama zagaye, gajerun layukan inuwa su rasa kaifi. Mayar da shi sifili. A sigar nan ce kuma aka sauya burusan da ke zuwa da manhajar, tsofaffin suna nan a ƙarƙashin Legacy Brushes, sai ka loda su da kanka.

Kaushin takarda da fiksel ake auna shi, ba da inci ba. Fensirin da ke da kyau a shafi mai faɗin fiksel 2480 zai yi tsakuwa-tsakuwa a shafi mai faɗin 595. Don haka ka duba girman shafin kafin ka zargi sabuwar siga, wani lokaci sabon shafi ne ya buɗe da wani girma dabam.

Sai batun ɗaukar fensir daga wuri zuwa wuri. Krita 5.0 ta ƙarshen 2021 ta sake tsarin ajiyar kayan aiki gaba ɗaya, kuma fensirin da aka ajiye a 5 ba ya buɗuwa a 4. Kafin ka haura, ka haɗa fensiranka a fayil ɗin bundle tare da hoton bakinsu da na kaushinsu, ka ajiye kwafi a waje. Tsakanin manhajoji mabambanta abin ya fi haka wuya. Procreate 5 da sababbin sigogin Clip Studio Paint suna karɓar fayilolin abr, wato na burusan Photoshop, amma injin kowacce daban ne, sai ka sake gyara matsi da tazara. Krita kuwa siffar bakin kawai take ɗaukowa daga abr. Sauran ka gina da hannu: tazarar ɗigo ƙarama don kada layi ya tsinke, girma ya ɗan bi matsi kaɗan, duhu ya bi shi sosai, karkatar alƙalami ta faɗaɗa baki idan allonka na gane karkata. Ka riƙa kwatantawa da takardar gwajin, kana canza saiti ɗaya a kowane karo.