Fulogin da Ake Cewa Ya Kwance da Kansa

A garejina, idan mota ta shigo tana tas-tas-tas kamar salansa ta huje, ba na bari yara su taɓa salansar sai na zare koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta, na leƙa ramin fulogi. Sau da yawa sai in tarar baƙin hayaƙi ya zagaye gindinsa, ga warin fetur, da yatsu biyu ma yana juyawa. Mai mota zai ce, "Oga, ai da kansa ya kwance." Ni kuwa nakan ce, "Alhaji, hannun da ya ɗaura shi za mu tuhuma."

Jikin fulogi ƙarfe ne, kan inji kuwa, wato saman injin da ake ɗaura fulogi a ciki, a yawancin motocin yanzu alminiyum ne, kuma zafi ba ya buɗa su daidai. Abin da ke riƙe fulogi mai washa a mazauninsa shi ne washar, wato zoben ƙarfen gindinsa, idan ta matsu sosai. In ba ta matsu ba, hucin wuta zai riƙa bi ta zaren ramin, wato tsagin da ake murza fulogi a kai, yana cin sa kaɗan-kaɗan, ranar da zaren ya ƙare kuma fulogin ya yi tsalle waje ya fasa koyil. Injinan Triton na Ford, 4.6 da 5.4 na ƙarshen shekarun 1990, sun yi ƙaurin suna a kan wannan, domin zare kusan huɗu kacal ke riƙe fulogin.

Ubangidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ya daɗe bai ba ni sifana ba. Guntun tiyon roba ya miƙa mini, in cusa kan fulogi a ciki in murza da hannu. Idan zare ya hau karkace, tiyon zai zame kafin a yi ɓarna. Har yau haka nake farawa, kuma sai inji ya huce sarai, ko da mai mota na ta duba agogo. Daga nan in ɗauko sifana mai auna ƙarfin ɗauri: fulogi mai kaurin milimita 14 da washa, a kan alminiyum, Nm 25 zuwa 30 a ma'aunin sifanar. In babu ita, sabuwar washa rabin juyi take so bayan hannu ya tsaya, marar washa kuwa kashi ɗaya cikin 16 na juyi ya ishe shi. Ba na shafa maiƙo a zare, don yana sa a zarce ɗauri ba a sani ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabun fulogi. Kwali kamar na kamfanonin fulogi NGK ko Denso, amma washa siririya, zare kaushi. Mutum ya sayo don araha, ya ce in ɗaura, in ƙi ya ji haushi. Sau biyu wani dila ya cakuɗa mini su cikin na gaske, daga nan na rabu da shi.

Wanda zarensa ya riga ya cinye ma ba ma cewa ya sayi sabon kan inji. Mukan shafa giris a abin yanka zare don ya kama ɓarɓashi, mu yanka sabo, mu zaunar da ɗan bututun ƙarfe mai zare irin Time-Sert, mu busa silinda tas. Sai na tayar da injin na kasa kunne a kansa kafin in miƙa makulli.