Hannu ɗaya, hoto uku

Yau na leƙa baje kolin ɗaliban zane-zane, sai aikin wata ɗaliba ya tsayar da ni. Hannu ɗaya ne mai tatu, wato zanen tawada a fata wanda ba ya gogewa, ta zana shi sau uku: riƙe da ƙarfen kurkuku, riƙe da allurar likita, sannan rungume da jariri. Can ƙasa ta sa hoton Ötzi, gawar nan mai shekara sama da 5,000 da aka tsinto cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991, da tatu 61 a jikinta.

Wani dattijo a gefena ya ja tsaki, wai a zamaninsu mai irin wannan zanen a jiki ko gadi ba a ba shi. Jikarsa kuwa hoto kawai take ɗauka abinta. Ni dai ba zan yi tatu ba, amma hannun likitan ko kaɗan bai ba ni mamaki ba.